Tambayi Makanike: A-kori-kurata tana zafi a cikin gari, tana hucewa a kan kwalta

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ina tuƙa tsohuwar Hilux mai shan gazuwal, inji samfurin 3L, ina ɗauko gero da wake daga Magariya zuwa Damagaram. Muddin ina gudu a kan kwalta, allurar zafi ba ta wuce tsakiya. Da na shigo gari, musamman ranar Alhamis wajen Kasuwar Dole inda amalanke da kabu-kabu suke toshe hanya, sai ta riƙa hawa har ta kusa ja. In na sami fili na taka, sai ta sauko. Ruwa ba ya raguwa sosai. Wani makanike ya cire mini tamosta, wato bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, babu abin da ya canza. Yanzu ya ce a sauke kan inji. In yarda?

Direba, daga unguwar Garin Malam

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗana. Kada ka yarda tukuna. Motarka ta riga ta faɗi abin da ke damunta, iska ce ba ta isar ta.

Idan kana gudu, iskar hanya ce take ratsa lagireto ta kwashe zafin ruwa, ko fanka na aiki ko ba ta yi. Idan ka shiga cunkoso kana jan giya ɗaya, wannan iska ta ɗauke, aikin duka ya koma kan fanka. To motar da take sanyi a hanyar Magariya da kaya a bayanta, ta zo ta yi zafi a bakin kasuwa, da wuya a ce kan injinta ne. Injin da gasket ɗinsa ya ƙone, wato shimfiɗar da ke liƙe tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya fi nuna halinsa lokacin da ake matsa masa, a hawa ko da lodi, kuma yana shan ruwa. Naka ba ya sha sosai.

Fankar irin motarka ba a ɗaure take kai tsaye da inji ba. A tsakiyarta akwai wani faifan alminiyam mai haƙarƙari, cikinsa man silikon ne mai kauri, a goshinsa kuma akwai ɗan ƙarfe a nannaɗe. Idan iskar da ke fitowa daga lagireto ta yi zafi, ƙarfen nan yana murɗawa ya buɗe wa man hanya, man ya kama, fanka ta ɗauki gudu. Da shekaru suka ja, man yana tsiyaya kaɗan-kaɗan. Fanka tana nan tana juyawa, mai kallo ya ce lafiya lau take, alhali ba ta jan komai. Wannan ne yake yaudarar yara da yawa a gareji.

Ga yadda za ka gane da kanka. Ka bar motar a silo, wato inji yana tashe ba ka taka totur ba, har allura ta fara wuce inda ta saba, sannan ka kashe inji, ka zare makulli ka sa a aljihu. Ka tura reshen fanka ɗaya da yatsa. Mai lafiya za ka ji tana turjewa, da ka sake ta sai ta tsaya. Wadda ta mutu za ta yi ta walawala ita kaɗai. Ka leƙa goshin faifan: in ka ga baƙin maiƙo ya haɗu da ƙura ya yi dabbare-dabbare, man da ya gudu ke nan. Kunnenka ma shaida ne. Fanka mai rai, in inji ya yi zafi ka taka totur, za ka ji tana huci da ƙarfi. Ina roƙon ka, kada ka kai hannu ko tsumma wurinta inji yana tashe. Na ga yatsun da aka rasa a haka.

Wasu faifan ana kwance su a zuba sabon man silikon, su koma aiki. In ƙafarsa ta fara girgiɗi, sai dai canji. Akwai masu ɗaure shi da ƙusa ko su yi masa walda don fanka ta riƙa bin inji kullum. Zafin yana sauka, ban musa ba, kuma in a daji ka lalace zai kai ka gida. Amma ban so a zauna a haka: ƙara ta yi yawa, mai ya ƙaru, famfon ruwa yana shan wahala, kuma tsohon reshen roba yana iya ɓallewa a guje ya huda lagireto.

Sai ka duba kejin roba da ke kewaye fankar. Rabin tsofaffin motocin da ake kawo mini babu shi, an cire ranar wani gyara an jefar don yana tsare hannu. In babu shi, fanka daga gefe take jan iska, ba ta cikin lagireto ba. Ka ɗora takarda a gaban lagireto inji yana silo da zafinsa. In ba ta manne ba, iskar ba ta ratsawa.

Haƙarƙarin lagireton kuwa, ƙasarmu ba ta raga masa. Ƙurar hunturu, ƙaiƙayin gero, ƙarangiya, ƙwarin damina, duk can suke tarewa. Ka haska fitila daga baya ka leƙa ta gaba. Inda haske bai fito ba, iska ma ba ta wucewa. A wanke daga ɓangaren inji zuwa waje, da ruwa marar ƙarfi, don kada haƙarƙarin ya kwanta. Ka taɓa fambel ma, in ya saki ko ya yi santsi a ɗaure ko a canza.

Idan duk wannan lafiya, sai a koma ga ruwa. Mun san wahalar ruwa a Damagaram, direba duk wanda ya samu shi yake zubawa, na rijiya ko na tabki. Wannan ruwa yana barin farin dutse a cikin bututun lagireto, yana kuma cin fukafukan famfon ruwa har su zama guntaye. Famfon da ya cinye ba ya tura ruwa sosai a silo, sai an taka. Ka sa a buɗe lagireton a tsefe shi, daga nan ka riƙa zuba ruwan kulan, wato ruwan lagireto na musamman mai hana tsatsa. Murfin ma ka duba shi. Za ka ga an rubuta 0.9 a kan yawancinsu, wato ma'aunin matsin da murfin yake riƙewa. Wannan matsin ne yake hana ruwa tafasa a digiri 100, ya kai shi kusan 120. In robarsa ta tsattsage, a zafin Afrilu da Mayu da muke wuce digiri 40 a inuwa, ruwan zai tafasa tun inji bai yi laifin komai ba.

Tamosta kuma a mayar da ita, sabuwa. Tana buɗewa ne in ruwa ya haura digiri 80, kuma ba ta san ko gudu kake ko tsaye ba, don haka ba ita ce ta kawo maka wannan ba. In babu ita, da sanyin Disamba da Janairu injin zai daɗe bai ɗumama ba, ya yi ta hayaƙi yana cin kansa.

Ban ce gasket ba ya ƙonewa ba. Alamunsa daban ne. Da safe, inji da sanyinsa, ka buɗe murfin lagireto ka tayar: in kumfa na ta ɓulɓulowa ba tsayawa, ko tiyon sama ya yi tauri nan da nan, ko man inji ya koma launin shayi mai madara, ko farin hayaƙi ya ƙi ɗaukewa a salansa, to makanikenka yana da gaskiya. In babu ko ɗaya, kada a taɓa ƙusar kan injin nan.

Kafin ka gyara, in allura ta hau maka a cikin kasuwa, ka ratse gefe, ka cire giya, ka ɗan taka totur, in hitar motar tana aiki ka buɗe ta duka. In ta ƙi sauka, ka kashe. Kada ka buɗe murfin lagireto sai tiyon sama ya huce har kana iya matsa shi da hannu, kuma kada ka ɗura ruwan sanyi a injin da ya tafasa, kan inji yana tsagewa a haka. Ka fara da fankar gobe da safe, ka rubuto mini abin da ka gani.