Wanki da Guga: Kun Tambaya, Masu Sana'a Sun Amsa

Wasiƙun wannan fitowa duk a kan wanki suka zo. Amsoshin kuwa daga masu wanki da guga, 'yan bugu da masu gyaran injin wanki na nan Maraɗi suka fito.

Daga wata uwa, unguwar Bagalam: Muna yara, in damina ta yi nisa, innarmu kan kwashe mu mu gangara bakin gulbi da ƙunshin kaya a ka. Sabulu guda ne, ba omo ba inji, amma fararen kaya su fito fes. Yau ga omo ga jabel, wato ruwan bilic mai faranta tufa, rigunan makarantar 'ya'yana kullum a dafe. Me ya canza? Kuma ko in kai yaran gulbi su ga yadda muke yi?

Hajiya, sabulu bai lalace ba, ruwan ɗauraya ne ya ƙaranta. Aikin sabulu shi ne ya ɓamɓaro dauɗa daga zare ya riƙe ta cikin ruwa. In ba a raba tufa da wannan ruwan ba, dauɗar komawa take yi, ta bushe a jikinta tare da sauran sabulun. A gulbi ruwa wucewa yake, kowace tsomawa sabo ne. A gida kuwa, musamman mai sayen ruwa wurin 'yan garuwa, daro ɗaya ake ɗauraye kaya goma a ciki, na ƙarshen yana shan dattin na farkon.

Ki fara kakkaɓe kayan, ki tsoma su a ruwa zalla don ƙura ta fita, ballantana da hunturu. Ga rigunan yara goma, lita 10 na ruwa da cokalin cin abinci uku na omo sun isa, kuma a narkar da shi kafin a sa tufa. Yawan kumfa ba tsabta ba ce, ƙarin aikin ɗauraya ne kawai. Jiƙon minti 30 zuwa awa ɗaya ya wadatar. Jiƙon kwana yana sa tsami da wari. Wajen ɗauraya, lita 5 sau uku, kina matsewa sosai tsakanin kowace, ta fi lita 15 a tashi ɗaya nesa ba kusa ba. Wata dabarar iyayenmu da aka yar: su goga wa farin tufa sabulu, su baza shi a rana da danshinsa, in ya fara bushewa su yayyafa ruwa, sannan su ɗauraye. Rana da kanta tana faranta auduga.

Jabel kuwa, ya fi ɓata kaya fiye da gyara su a hannun mai gaggawa. Irin wanda aka riga aka sirka, mililita 50 zuwa 100 a lita 10, minti 10, kuma bayan an wanke tufar, ba a madadin wanki ba. Nailan, siliki, ulu da yadi mai roba-roba rawaya suke komawa in sun sha shi, kuma ba sa dawowa. Haka ruwan rijiyar da ke barin jan tabo a bokiti: ƙarfe ne a cikinsa, in ya haɗu da jabel sai ya rina tufar. Kada ki taɓa gauraya jabel da ruwan wanke masai ko wani abu mai tsami, iskar da ke tashi tana shaƙe mutum. Bula a ɗaurayar ƙarshe ake sa ta, a ƙulla ta a ƙyalle a kaɗa har ruwan ya ɗan sauya kaɗan, a tsoma tufa a cire nan take. In ta zauna, jirwaye za ki gani.

Batun kai yara gulbi, ba mu goyi baya ba. Gulbin Maraɗi da damina kaɗai yake gudu, kuma tun da aka yi madatsar Jibiya a ɓangaren Katsina tafiyarsa ba irin ta da ba ce. Abin da ya fi yawa shi ne ruwan da ya kwanta a kududdufai, inda katantanwar da ke ɗauke da tsargiya take zama. Ƙwayar ta fata take shiga, ba sai an sha ba, kuma yaron da ke wasa a ruwa yayin da uwa ke cuɗa kaya shi ya fi kamuwa. Wanda ya zama dole ya yi wanki da irin wannan ruwa, ya ɗebo ya ajiye kwana biyu, ƙwayar ba ta kai haka da rai. In yana da laka, cokalin shayi biyu zuwa uku na dakakken alif a duro mai lita 200, a motsa, a bari ya kwanta, a kwashi na sama.

Daga wani magidanci, Sabon Gari: Na ɗinka shadda mai tsada da Sallah. Wanki ɗaya aka yi mata a gida, sheƙinta ya tafi, ta yi laushi. An cuce ni a kasuwa ne?

Alhaji, ba lalle ba ne. Sheƙin shadda daga masaƙa yake zuwa: ana bi da ita tsakanin manyan ƙarafa masu zafi da nauyi har zaren ya kwanta ya yi santsi, a ƙara mata da abin da ke sa ta tsayuwa. Da zarar auduga ta sha ruwa sai zaren ya kumbura ya tashi. Kowace shadda tana rasa wani abu a wankin farko. Bambancin mai kyau da maras kyau shi ne mai kyau tana karɓar gyara.

A juya ta ciki waje. Ruwan sanyi, sabulu kaɗan, jiƙon da bai wuce minti 10 ba. Wuya, hammata, bakin hannu da bakin aljihu kaɗai ake cuɗawa, sauran jikin tsomawa da ɗagawa ne. Ban da burushi, ban da murɗewa, domin inda aka murɗe karaya ce da guga ba ta ɓoye ta. A shanya a inuwa, ranar bazara tana koɗar da launi cikin wanki kaɗan.

Don tsayuwa, a dama cokalin cin abinci biyu na sitacin rogo da ruwan sanyi kaɗan, a kwarara masa lita ɗaya na tafasasshen ruwa ana motsawa har farin ya gushe ya yi yauƙi, a sirka da lita 2 zuwa 3, a tace. Wanda bai dahu ba gari yake bari a jikin tufa, ya kuma manne wa dutsen guga. Ga shadda mai duhu ƙaro ya fi, saboda ba ya barin farin zane: a jiƙa shi ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi don ɓawon itace da tsakuwa.

Sai a kai wa 'yan bugu da sauran danshinta. Bugun da suke yi a kan gungume shi ne yake sake kwantar da zaren, abin da dutsen guga ba zai iya ba duk zafinsa. Amma a nuna musu maɓalli, zif da wurin aikin surfani, don mabugi ba ya tausayin kowa, kuma bugu a kai a kai yana cin tufa a layin ninki. Masu cewa a jiƙa da gishiri don kada rini ya zuba, amfaninsa kaɗan ne. Tufar da ke zuba, a wanke ta ita kaɗai.

Daga wani matashi, Ali Ɗan Sofo: Ina son buɗe shagon wanki. Wane inji zan saya?

Ɗan'uwa, ruwanka da wutarka za su zaɓa maka. Mai ƙofa a gaba ya fi wanki da kyau, kuma kusan lita 50 yake sha a zagaye ɗaya. Sai dai da kansa yake jan ruwa, yawancinsu kuma ba sa ja in ƙarfin ruwan bai kai na tankin da ke sama da kamar mita 5 ba. In yana ɗumama ruwa yana cin wajen wat 2000, kuma ƙwaƙwalwarsa ta lantarki ba ta jure wutar da ke hawa da sauka. Ba ya son omo mai kumfa.

Mai tukunya biyu, ɗaya ta wanki ɗaya ta matsa, ba shi da wannan iyayi. Da bokiti ake zuba masa ruwa, yawanci cinsa bai kai wat 500 ba, ƙaramin janareta ma yana ɗaukarsa, kayan gyaransa kuma ana samu. Da shi ya kamata mai farawa ya fara. Ka sa a lissafinka cewa dutsen guga, mai cin wat 1000 zuwa 2000, shi zai cinye maka kuɗin wuta, ba injin ba.

Abin da ke kashe inji mai tukunya biyu sananne ne. Rairayi na cin faifan da ke juya kaya da robar da ke tare ruwa, don haka kakkaɓa da duba aljihu wajibi ne. Kada kaya su wuce kashi biyu cikin uku na tukunya. In ya yi gurnani bai juya ba, kashe shi nan take: ko kwandansa, wato 'yar na'urar da ke tayar da injin, ta mutu, ko wuta ta yi ƙasa da volt 220 sosai, ko wani abu ya maƙale, in ka bar shi haka kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar cikin injin, zai ƙone. In ana jin yana aiki amma faifan bai motsa ba, bel ne ya saki. Tukunyar matsa in tana dukan gefe, kayan ne suka taru wuri ɗaya, a daidaita su a danne da murfin robarta. Ɗigon ruwa a ƙarƙashinta kuwa kada a yi masa jinkiri, kai tsaye kan injin matsar yake sauka. Wayar ƙasa, mai kare mutum daga jan wuta, dole ce, hannu jiƙe ake aikin nan. Ruwan wankin kuma a haƙa masa rami a cika da tsakuwa, kada a sake shi lungu ya tara sauro da rigimar maƙwabta.

Daga wata ɗaliba, unguwar Zariya: Tabon goro, tsatsa, mai da jini fa?

'Yar'uwa, kowanne da maganinsa. Goro: ruwan sanyi nan take, sai omo, ban da sabulun sanda, yana iya kafar da shi. Tsatsa: lemun tsami da gishiri, a sa a rana, a ɗauraye, jabel ƙara mata duhu yake yi. Mai: a goga sabulun wanke kwanuka tun tufar tana bushe, a bar shi minti 15, sai ruwan ɗumi. Jini: ruwan sanyi kaɗai, mai zafi dafa shi yake yi. Duk tabon da bai fita ba, kada guga ta hau shi.

Daga wani tela, Mokoyo: Dutsen guga na gawayi yana huda wa abokan cinikina kaya.

Malam, tartsatsi ne da toka. A bari gawayin ya ruru har hayaƙi ya ƙare kafin a rufe, a busa tokar nesa da tebur, a goge gindin a kan tsumma duk lokacin da aka ƙara wuta. Tunda ba shi da ma'auni, a fara da auduga yana da zafi, a bar leshi da yadi mai roba sai ya huce. A takardar wuyan riga, ɗigo ɗaya cikin hoton dutsen guga digiri 110 ne, biyu 150, uku 200. Wurin aikin surfani ta baya ake goge shi, da farin ƙyalle mai ɗanshi a kai.