Tambaya da amsa: in na karɓi aikin gwamnati, na sai da kaina ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan jarida ne a wani gidan rediyo mai zaman kanshi nan Maradi, albashi sai a hankali, wani wata a biya wani wata a ce mu yi haƙuri. To yanzu wani babba ya kira ni in zo buro nashi in riƙa kula mishi da harkar 'yan jarida, abokaina sun ce in na tahi na sai da kaina, ni ko ga iyali ga haya. Don Allah akwai wanda ya taɓa shiga gwamnati ya hito da mutuncinshi?
Daga wani mai karatu, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Akwai mana, bari in ba ka labarin wani baƙar fata ɗan Amurka, Carl Rowan. An haife shi 1925 a jihar Tenesi, ɗan talakawa ne liƙis, a zamanin da baƙaƙen fata ba su zama kujera ɗaya da turawa a mota ko gidan abinci. Ya kama aiki da jaridar Minneapolis Tribune a 1948, a 1951 ya koma kudancin ƙasar yana bin gari gari yana rubuta wulaƙancin da ake ma baƙaƙen fata, abin da ya hito da sunanshi ke nan. Har ƙauracewa motocin bas da baƙaƙen fata suka yi a garin Mantagomari a 1955 ya ɗauko rahotonshi.

Sai ga gwamnati ta yi kira. Shugaba Kenedi ya ba shi muƙami a ma'aikatar harkokin waje a 1961, a 1963 ya tura shi jakada Finlan, a 1964 kuma shugaba Janson ya ɗora shi kan hukumar yaɗa labarai ta Amurka, wadda Muryar Amurka ke ƙarƙashinta a lokacin. A 1965 ya aje, ya koma rubutun jarida ya ci gaba da yaƙi da wariyar launin fata har kusan rasuwarshi a 2000.

Amma kar ka ce ya sha lahiya lau. A 1967 ya rubuta yana sukar Martin Luther King, jagoran gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata, kan adawar da ya yi da yaƙin Biyetnam, mutane da yawa suka ce ai wanga har yanzu muryar gwamnati ce ke bakinshi, to ko ra'ayinshi ne tsakani da Allah ko a'a, tabon kujera ya bi shi. Kai ma haka za a yi maka, duk abin da ka faɗa bayan ka hito sai an auna shi da wanda ka yi ma aiki, in ka yaba a ce an saye ka, in ka soka a ce haushin an sallame ka ne.

Ni ban ga laihi ba ka karɓa, aiki ne halal. Abin da nake jiye maka shi ne riƙe biyun lokaci ɗaya, da sahe kana buro kana rubuta ma maigida sanarwa, da dare kana gaban makirho kana karanta ita wannan sanarwar a matsayin labari, wanga kam cin amanar masu saurare ne, tsohuwa na can Tibiri da rediyo a kunne ta ɗauka ɗan jarida ke magana. In ka tahi ka aje makirho gaba ɗaya, kuma ka faɗa a hili kowa ya sani.

Jarabawar gaske ranar da maigida zai ce buga ma abokinka waya ya cire wancan rahoton na tsadar hatsi ko rashin ruwan pampo. Ka iya kiranshi ka ba shi bayanin gwamnati, aikinka ne, amma cire labari ba hurumin ka ba ne, gara ka gaya ma maigidan haka tun kahin ka zauna kujerar. Haka ma ambulan ɗin nan na kuɗin mai da ake rabawa bayan taro, da kai ake miƙa ma, yanzu kai za a ba ka raba, sai ka yi tunani ko hannunka zai iya.

Sannan ka tambaya da kyau, aikin na dindindin ne ko naɗi ne, don irin wanga muƙami sau tari da maigida yake tahiya, ranar da aka sauya shi kai ma sai ka kwashe takardunka. Ka nemi a rubuta maka a takarda, kuma ka rabu da gidan rediyonku lahiya, kar ka yi faɗa da kowa kan bashin albashi.