Amsa: Makullin lamba zai hau ƙofar ƙarfe?

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce kana so ka sa makullin lamba, wanda ake danna lambobi ya buɗe, a ƙofar ƙarfen gidanka na Tumfure amma kana tsoron in NEPA ta ɗauke wuta. Wannan kam ba matsala, ba ruwansa da NEPA, batir AA yake ci, yawanci guda 4, ka dai sa batir alkaline mai kyau ba irin na tocila ba, kuma makullin yana yin ƙara in batir ya kusa mutuwa.

Inda aikin yake shi ne ƙofar. Kafin ka biya kuɗi ka auna kaurinta, da yawan makullan nan an yi su ne don ƙofa mai milimita 35 zuwa 45, ƙofofin ƙarfen nan kuwa wasu sun fi haka, ka cire tsohon makullin ka tafi da shi kasuwa a gwada ramukan. Mai walda kar ya kusanto shi da wuta wallahi, dirila kawai, kuma a lura da siririyar wayar da ke ratsa ƙofar kar sukuru ya matse ta.

In an gama ka gwada ƙofa a buɗe tukuna, ka canza lambar da kamfani ya sa masa nan take. Mukullin hannun da ya zo da shi kar ka bar shi cikin ɗakin, ajiye a mota ko wajen wani ɗan'uwa.