Dutsen sama ruɓaɓɓe ne

Kai yaro, ka ce daga ina dutsen nan mai ƙwaya-ƙwaya ya samo asali, kuma me ya sa wani ke marmashewa. To, ajiye wayar nan tukuna.

Giranayit da injiniyoyi ke faɗa, asalinsa narkakken dutse ne da ya huce a hankali can ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ƙwayoyinsa suka samu sukunin girma. Irin na Kufena a Zariya ya kai wajen shekara miliyan 600. A lokacin sassan ƙasa suka yi karo, tsaunuka suka tashi, gindinsu ya narke. Tsaunukan sun zaizaye tuni, gindin ne mu masu fasa dutse muke sa wa nakiya yau. Na Jos da Riruwai ƙanne ne, ba karo ya haife su ba, kuma su ne masu kuza.

Ƙwayar nan mai kama da gilas, kwaz, ruwa bai iya mata komai. Mai ja-ja, felsifa, in ta daɗe tana shan ruwa yumɓu take komawa. Baƙar mai ƙyalli akwai ƙarfe a cikinta, tsatsa take fitarwa. Wannan ne ya ci mini kuɗi.

Wani ɗan kwangila ya zo neman dutsen daɓe na gidan wani Alhaji. Na nuna masa na ciki, wanda in ka buga guduma yake ƙara tangaran. Ya ce ya yi tsada, na saman nan yake so. Na ce masa, wannan ya daɗe yana shan ruwa, ruɓaɓɓe ne, ji yadda yake amsawa dum-dum. Ya rantse shi zai ɗauki nauyi, ya ba da kafin alƙalami, tifa ta yi ta jigila. Damina ɗaya tsatsa ta ɓata tsakar gidan, gefuna suka fara zubewa. Mutumin nan ya tsaya gaban mai gida ya ce ni na cuce shi! Cikon kuɗina har yau, kuma leburori daga aljihuna na sallame su. Allah ya isa.

Yadda ake riƙe guduma kuwa, kada ma ka tambaye ni. Mu da ido muka koya, ku yaran yanzu sai an tauna an ba ku. Gobe da sassafe ka bi tulin can ka ware mini duk mai amsawa dum-dum.