Ƙannen Mijina Biyu Sun Tare Mana A Falo, Yau Wata Bakwai

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Agege, shekararmu goma sha ɗaya da aure, yaranmu uku, babbar mace ce 'yar shekara tara. Maigidana mahauci ne a mayankar Oko-Oba. Ciki da falo muke haya, banɗaki biyu ne na gidan gaba ɗaya, girki kuma a baranda.

Ana saura kwanaki Babbar Sallah ƙannensa biyu suka biyo motar raguna daga gida, wai za su yi mako biyu kafin su sami abin yi. Yau wata bakwai. A falo suke kwana, inda yarana ke kwana. Robar fenti ta shinkafa da ke kai mu mako, yanzu kwana uku ta ƙare. Mai gidan hayar ya fara ƙorafin ruwa da shara, har ya ambaci takardar tashi. Na yi wa maigida magana sau ɗaya, ya ce in Hajiya ta ji ya kori 'ya'yanta, da wane ido zai dube ta? Anti, wallahi ba na ƙin su, yara ne masu ladabi. Amma na gaji, kuma ina tsoron a ce na raba zumunci.

Wata 'yar'uwa daga Agege

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da kika yi kawaici ba ki rubuta ba. Na san shi don na taɓa zama a cikinsa. Shekarar farko ta aurena a Idi-Araba ɗaki ɗaya gare mu da labule a tsakiya, ɗan baffan maigidana ya yi wata huɗu a bayan labulen nan. Da hijabi nake wuni a zafin Legas, da shi nake tuƙa tuwo, gumi na bin bayana. Ƙarfe huɗu na asuba nake tashi in yi wanka kafin layin banɗaki ya haɗu, ƙananan kayana kuma a kan ƙusar bayan ƙofa nake shanya su, su kwana biyu ba su bushe ba saboda damshi. Magana da mijina sai da raɗa. Ban taɓa gaya wa kowa ba, har na rame, mahaifiyata ta zo ta zaci ciwo nake yi. Saboda haka in kin ce kin gaji, na yarda da ke, kuma gajiyar nan ba rashin son dangin miji ba ce.

Mu fara cire miki nauyin da kika ɗora wa kanki. Addininmu ya girmama baƙo ƙwarai, amma Annabi (SAW) ya ce liyafa kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa ba. Game da ɗan'uwan miji kuwa, da aka tambaye shi cewa ya yi ɗan'uwan miji mutuwa ne. Mu Hausawa mun mai da ƙanin miji abokin wasa, yana shiga har gaban tukunya yana tsokana, amma wannan bai mai da shi muharraminki ba. Sannan ki buɗe Suratun Nur, aya ta 58, ki ga lokuta uku da aka ce ko yaran gida sai sun nemi izini kafin su shigo wa iyayensu: kafin sallar asuba, lokacin hutun rana, da bayan isha'i. In ɗan da kika haifa yana da iyaka, ina ga saurayi mai gemu da ƙyaure ɗaya ne tsakaninku?

Ko a al'adance ma ba haka iyayenmu suka yi ba. Hausawan da suka kafa Zangon Agege fataucin goro ne ya kawo su, kuma sun sauki baƙin da ba su ƙirguwa, musamman bayan jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912. Amma baƙo namiji a zaure yake sauka, ko a shagon samari, a aika masa da kwanon tuwo daga cikin gida. Ba ya sanin kalar labulen matar gida. Mu ne muka ɗauko waccan karamcin muka cusa shi cikin ciki da falo na haya, inda babu zaure babu tsakar gida, sai duk nauyin ya faɗo kan mace.

Yanzu ga mijinki. Kada ki ɗauke shi azzalumi. Mutumin da yake Legas, mutanen gida gani suke kuɗi a titi yake tsinta, kuma duk wanda damina ta ba shi kunya, sunansa ake fara kira. Tsoron bakin uwa da yake ji tsoro ne mai kyau. Kuskurensa ɗaya ne, ya karɓi baƙi ba tare da rana ba, ba tare da shiri ba. To ki sake yi masa magana, amma ki canza ƙofar da za ki shiga. In kika fara da shinkafa, rowa zai ji. Ki bari ranar da bai fita da asuba ba, ya ci ya ƙoshi, yara sun tafi Islamiyya, ki ce: "Abban yara, so nake mu taimaki yaran nan su tsaya da ƙafarsu. Kuma ka duba, 'yarmu ta fara girma, ni kuma wata bakwai ban cire mayafi a ɗakina ba." Namiji mai kishi wannan maganar za ta hana shi barci. Daga nan sai ki yi shiru, kada ki maimaita ta kullum har ta zama mita.

Kuma ke kada ki ce da ƙannen komai, ko da hannunka mai sanda, ko da ajiye kwano da ƙarfi. Kada ki kira Hajiya. Maganar in ta fito daga bakinki, kafin ta isa Arewa ta zama "matar Legas ta mallake shi". Shi zai kira mahaifiyarsa da kansa, ba don ya ce zai kore su ba, ya ce: "Hajiya, na samo wa yaran nan ɗaki kusa da ni, a sa musu albarka." Wace uwa ce za ta yi fushi da wannan?

Ɗakin kuwa ba sai shi kaɗai ya biya ba. Samarinmu nawa ne a Agege suke haɗa kuɗi su huɗu su biyar su kama ɗaki guda? Ya tambaya a masallacin unguwa bayan magariba, ko cikin abokan sana'arsa, ba za a rasa inda ake neman na biyar ba. In cikin Agege ya yi tsada, a duba wajen Agbado ko Sango, jirgin ƙasa na Red Line ma yana bi ta Agege har Agbado. Kuɗin lauya da na ejan su ne ke karya mutum a Legas, shi ya sa shiga ɗakin da aka riga aka kama ya fi sauƙi. In kina cikin adashi kuma zuciyarki ta ba ki, ki saya musu tabarma da bokiti da risho. Wannan 'yar kyautar za ta yi miki shaida a gaban dangi fiye da rantsuwa.

Ba ki faɗi abin da suka zo yi ba, amma in acaɓa suke jira, a gaya musu gaskiya. Tun Yunin 2022 gwamnatin jihar ta hana shi a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Mainland, a Satumba aka ƙara Mushin, Oshodi-Isolo, Kosofe da Shomolu, babur ɗin da aka kama kuma murƙushe shi ake yi. Kada maigida ya ci bashi a kan wannan. Ga mayanka a hannunsa, ɗaya ya bi shi ya koyi fiɗa da awon nama. Ɗayan a haɗa shi da wani amintacce a kasuwar Mile 12 wajen masu tumatir da albasa. Wanda ya yi wata bakwai bai kama komai ba, wani lokacin ba lalaci ba ne, ba a riƙe hannunsa an kai shi gaban kowa ba ne. Wanda kuma aka kai shi ya ƙi, a yi masa kuɗin mota kafin saukar damina, gona na jiransa. Kafin ranar tashinsu, ɗebo ruwa da cika gas da kwashe shara su koma wuyansu, kuma yayansu ne zai faɗa.

Mai gidan haya kuma kada ku raina ƙorafinsa. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta tanadi sanarwar wata shida ga mai biyan shekara, matuƙar yarjejeniyarku ba ta faɗi wani abu daban ba, don haka ba zai watsar muku da kaya gobe ba. Amma ku duba takardar da kuka sa wa hannu, wasu suna rubuta adadin mutanen da za su zauna. Maigida ya je ya gaishe shi da ɗan nama a leda, ya faɗa masa ranar da baƙin za su tashi, ya ƙara wani abu a kuɗin ruwa. Bayarabe yana son a girmama shi, in an rusuna masa sau ɗaya an gama rabin shari'a.

Duk waɗannan za su iya ɗaukar wata guda ko biyu, ki yi haƙuri da su. Abu ɗaya ne ba zai jira ba. Ba zargin kowa nake yi ba, kin ce yaran kirki ne kuma na yarda, amma an umarce mu da raba wa 'ya'yanmu shimfiɗa in sun kai shekara goma ko tsakanin wa da ƙanwa, balle yarinya 'yar tara a ɗaki ɗaya da samari biyu. Yau da daddare ki naɗe katifarta ki shigo da ita ciki, ki shimfiɗa a gefen gadonku. In babanta ya tambaye ki dalili, to ga ƙofar maganar ta buɗe.