Abin da ke sa yadi tattarewa wajen surfani

'Yar'uwa, kin ce kin fara surfani a Gusau, amma yadin na tattarewa da kin gama fure. Yawanci jan zare ne da ƙarfi. Ki bar shi ya kwanta kawai, kuma kada tsawonsa ya wuce kamu ɗaya, don dogon zare na harɗewa har ki finciko. Ki wanke yadin auduga kafin ki zana, yana tsukewa in ya sha ruwa. Zare mai launin ja kuwa, jiƙa guntu ki goga a farin ƙyalle tukuna, wani yana zuba. Shadda mai tsada ki dakata da ita. In aska takwas kike so a babbar riga, kai wa gwanayen zane su fitar miki.