Sel ɗin da suka ɓace maka a faranti

Kai ɗana, tambayar da ka yi min jiya ta yi min daɗi wallahi. Ka ce sel, wato ƙwayoyin halitta, masu lahani da ka shuka su kaɗai a faranti suna nan da ransu suna ta rabuwa, amma waɗanda ka cakuɗa da lafiyayyu duk sun ƙare, ko kai ne ka ɓata ruwan abincinsu? Toh kwantar da hankalinka, ba hannunka bane, gasar ƙwayoyin halitta ce ka gani da idonka.

Tun 1975 wasu masana biyu, Morata da Ripoll, a Sifen suka gano abin nan a jikin ƙudan 'ya'yan itace. Ƙudan da duk jikinsa sel ne masu lahanin Minute, wato injin haɗa furotin ɗinsu ya yi rauni, yana rayuwa abinsa, girman ne dai sai a hankali, amma da an sa irin sel ɗin a tsakiyar lafiyayyu a wajen da fiffike zai fito sai ka ga sun mutu an share su, maƙwabta sun hayayyafa sun cike gurbin ko alama babu. Kaga kenan lahanin kaɗai baya kisa, sai an gwada shi da na kusa.

Abin da har yau yake ba ni mamaki shine na 2004, da aka ƙara wa wasu sel furotin ɗin Myc mai sa sel saurin girma, lafiyayyun maƙwabtansu da babu abin da ya same su sai su ne suka koma masu faɗuwa. A 2013 kuma aka nuna haka a ɗan tayin ɓera yana ɗan kwana shida da rabi, sel mai ƙarancin Myc shi yake kashe kansa. Kuma dole a yi wannan tankaɗe da wuri, don sel ɗin ba su da yawa a lokacin, ɗaya mara lafiya in ya tsira dubbai zai haifa, wataƙila har da na ƙwaƙwalwa.

Don haka kar ka zubar da farantin nan na masu lahani su kaɗai, shine shaidarka, in babu shi ba ka da bakin cewa gasa ce. Gobe ka sake cakuɗawa rabi da rabi, ka sa wa kowane ɓangare launinsa, kullum ka ƙirga ka rubuta, sannan ka yi rinin caspase mu ga su waye ke mutuwa kuma a gefen wa suke zaune. In ka gama ka kira ni mu leƙa madubin ƙara girman tare.